Gida Ya Ce

Na san kuna yi mini dariya a bayan idona, ku 'ya'yana, saboda duk sanda ɗayanku ya zo mini da "an ce", sai na tsayar da shi na tambaye shi wa ya ce. Na kuma san kun sha jin wata magana a bakin dangi, a wajen suna ko zaman makoki, wai ni na kashe Hamisu, wai a bayan ganuwa aka turbuɗe shi ba wanka ba salla. Waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya ne. Zan jero muku yadda aka yi daki-daki, kuma kada wanda ya tsallake shafi don ya leƙa ƙarshe.

Da farko ku san gidan. Gidanmu na Kabara gidan dukawa ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, gida ya koma hannun wansa, wanda muke kira Baffa. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, rumfa ɗaya gare mu a Kasuwar Kurmi, fatun da ake ɗinka jaka da kube da takalmi kuma a ɗaki ɗaya ake tara su, can ƙuryar gida. Muna da wata al'ada da muka gada. Idan magana ta taso, maza kan taru a zaure da safe kafin a fita kasuwa, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a yi musu har murya ta tashi. Amma da zarar Baffa ya shafa fatiha, maganar ta daina zama ta wani. Ba a cewa Baffa ne ya yanke, ba a cewa Yaya Garba, babban ɗansa, shi ya kawo shawarar. "Gida ya ce" ake cewa. Wanda ya fita ya faɗi wa ya goyi bayan me, ya yi abin kunyar da ya fi sata. Ba zan ɓata al'adar nan gaba ɗaya ba, don ta yi mana rana. Ba a riƙe kowa a zuci, mata ba su samun abin gori, kuma a kasuwa ba wanda ya taɓa shiga tsakaninmu.

Na biyu, ku san Hamisu. Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina. Ubansa ya rasu yana goye, Gwaggo ta dawo gida da shi, muka tashi a tabarma ɗaya. Taubashina ne, don haka ba abin da ba ya gaya mini, ni ma ba na raga masa. Shi ya iya basilla tun yana yaro, ni kuwa hannuna ya ƙi sana'ar, shi ya sa da aka nemi yaro daga gidanmu don makarantar boko aka ba da ni. Ban yi nisa ba. Na yi elemantare, na yi midil, aka ba ni aji ina koyarwa. A midil ɗin nan ne aka jera mu a rana aka yi mana lamba, wato aka tsaga mana dantse aka shafa maganin rigakafin agana. A duk gidanmu ni kaɗai ke da wannan tabo. Sauran, da an ji masu lamba sun shigo unguwa, sai a kwashe yara a ɓoye a bayan randuna, don an ce hannu kumbura yake yi ya ruɓe.

Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna. A shekarar ina da mata, mahaifiyarku Hajara, da 'ya ɗaya, Yayarku Binta, tana rarrafe. Hamisu ma yana da ɗa ɗaya, Lawan, wanda kuka sani yanzu da Alhaji Lawan, lokacin bai daɗe da fara tafiya ba. Ina neman ƙarin girma a aikin koyarwa, sai na shiga wajen wani dattijo, Malam Haruna, da ke koya wa ƙananan malamai Turanci da yamma a zaurensa na Ƙofar Na'isa. Wata rana ya kawo mana darasin kalmomin da ke nufin taron mutane, irin su iyali da aji da kwamiti. Ya rubuta jimla biyu a allo. Ta farko, The family is eating. Ta biyu, The family are quarrelling. Muka ce lalle ɗaya kuskure ce.

"Ba kuskure ko ɗaya," in ji Malam Haruna. "In iyali sun haɗu a kan abu guda, Bature yana ɗaukarsu kamar mutum ɗaya. In sun rarrabu, kowa ya kama gabansa, sai ya ɗauke su mutane da yawa. Mu ma ai muna cewa jama'a ta taru, mu kuma ce jama'a sun yi ta musu. Kada ku tsaya kallon kalmar. Ku leƙa ku ga mutanen."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to in a ciki sun rarrabu, amma a waje baki ɗaya suke nunawa fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan littafin bai faɗa ba, Isa. Jarrabawa ma ba za ta tambaye ka ba."

Da na koma gida na tarar da Hamisu a zaure yana ɗinkin kube, na ba shi labari. Dariya ta kusa kayar da shi.

"Wato Bature ba zai buɗe baki ba sai ya leƙa gidan mutane ya ga ko ana faɗa? Kai, bawana, wannan ai gulma ake koya maka, ba ilimi ba!"

"Kai da ba ka san alif ɗin boko ba."

"Na san basilla. Kai kuwa in ka ji yunwa ka tafasa allon ka sha. To mu gidan nan wanne ne a cikin biyun?"

"Na farko mana."

"Ka ga ka ci jarrabawa. Miƙo mini zaren can."

A cikin bazarar shekarar Hamisu ya kai kaya wani gari a gabas, ya dawo da zazzaɓi da ciwon baya. Aka ce rana ce ta buge shi. Da ƙuraje suka feso masa a goshi da tafin hannu, Gwaggo ta duba sau ɗaya ta gane, domin ita ta yi ciwon tana yarinya, duk fuskarta zanzana ce. Ba ta kira sunan ba. Mata ba su kiran sunan agana, ado suke cewa. Ta ce, "Ado ne," ta zauna a ƙasa.

Washegari aka taru a zaure. Dokar lokacin ita ce, duk gidan da ciwon ya shiga a sanar da mai unguwa, shi kuma ya sanar da duba-gari, a ɗauke mara lafiya a kai shi wasu bukkoki da aka kafa a bayan ganuwa, a ƙone shimfiɗarsa, a yi wa sauran mutanen gida lamba. Abin da kowa ya yi imani da shi kuwa, wanda aka kai bukkokin nan ba ya dawowa, kuma ba a yi masa sutura irin ta Musulmi. Yau zan karya al'ada in gaya muku abin da aka faɗa a zauren, tunda duk wanda ya zauna a ciki ya riga mu gidan gaskiya sai ni. Yaya Garba ya ce a ɓoye shi a ɗakin fatu, don ba mai shiga can, warin fata kuma zai rufe warin ciwo. Wani ƙanen Baffa ya ce shi dai yana tsoron yara. Ni na ce a sanar. Na ce ciwon nan ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, kuma ga yara cike da tsakar gida ba mai lamba ko ɗaya.

Yaya Garba ya ce, "Ka ji ɗan boko. Ɗan uwanka za ka miƙa wa masu gajeren wando?"

"Yaya, ba miƙa shi nake so in yi ba. Binta nake dubawa, da Lawan, da naka 'ya'yan."

"Mu ba mu san zafin 'ya'ya ba sai kai da ka haifi guda ɗaya jiya?"

Baffa ya ɗaga hannu, ya shafa fatiha. Gida ya ce a ɓoye Hamisu.

Ban tashi daga nan na ruga wajen mai unguwa ba, kamar yadda ake gaya muku. Na bi hanya uku, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, na roƙi Baffa a keɓe ya bar ni in kai yaran a yi musu lamba, ba tare da an ambaci mara lafiya ba. Ya ce gidan da bai taɓa kai yaro ba, in ya kwashi yara rana ɗaya ya kai, ai ya yi shela ke nan. Ta biyu, na nemi a bar mata masu goyo su tafi gidajen iyayensu har ciwon ya wuce. Aka ce maƙwabta za su tambaya, gida ya ce ba mai fita. Ta uku, na shiga ɗakin fatu wajen Hamisu da kansa, tunda ni ciwon ba zai kama ni ba. Na same shi kwance tsakanin tarin jar fata, fuskarsa ta kumbura har idanunsa sun kusa rufewa. Na gaya masa abin da nake tsoro. Ya laluba ya kama bakin rigata.

"Isa," ya ce. Bai taɓa kirana da sunana ba sai ran nan. "Don Allah, don Annabi, kada ka bari su kai ni bayan gari. Ka bar ni in mutu inda nake jin muryar Inna."

Na gyara masa mayafi na fito.

Na sa wannan a rubuce don kada ku zaci ban san abin da nake yi ba. Ya roƙe ni, na ji, kuma na fahimta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina shirin fita. Gwaggo ce ke jinyarsa. Na ga ta fito daga ɗakin fatu da ƙwarya a hannu, ta manta ba ta ja ƙyauren ba. Kafin ta ajiye ƙwaryar, Lawan ya bi muryar ubansa ya shige. Na bi shi da gudu, na tarar ya hau kan tabarmar yana jan mayafin. Na sunkuto shi na fito. A tsakar gida kuma ga Gwaggo ta ɗauki Binta da ke kuka, tana share mata hanci da gefen zanen da ta yi jinya da shi. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce. Mahaifiyarku tana tsaye a bakin murhu, ta dube ni da muciya a hannu.

Ana haka aka yi sallama a zaure. Mai unguwa ne, da duba-gari, da mai lamba riƙe da akwatinsa, suna bin gida gida saboda ciwon ya ɓulla a unguwa. Maza muka fito. A ƙa'ida maigida ke amsawa, sauran su yi shiru.

Mai unguwa ya ce, "Malam Sani, yaya iyali? Ba mai zazzaɓi, ba mai ƙurji?"

Baffa ya ce, "Gida lafiya lau, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ai na gaya musu gidan nan ba a ƙarya."

Duba-gari ya juya, ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita dokin ƙofa. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ina so ku riƙe wannan, don wasu masu son kare ni sukan ce matsa mini aka yi. Ba a matsa mini ba.

Na ce, "Akwai mara lafiya. Yana ɗakin fatu."

Baffa bai dube ni ba. Ya dubi mai unguwa, ya sunkuyar da kai, domin a gaban baƙi aka ƙaryata shi, kuma ɗan ƙanensa ne ya ƙaryata shi. Wannan kunyar ita ce bai warke daga gare ta ba har ya bar duniya.

Sauran ya tafi bisa tsarin hukuma. Aka ɗauko Hamisu a kan amuku, abin ɗaukar marasa lafiya. Da aka zo wucewa da shi ta zaure, ya juyar da fuskarsa bango don kada ya gan ni. Gwaggo ta bi su har ƙofa tana faɗuwa tana tashi, matan gida suna riƙe ta. Aka fito da tabarmarsa da mayafinsa, da duk fatun da ke ɗakin, jarin gida na shekara guda, aka tara a fili aka cinna musu wuta. Unguwa ta yini tana warin ƙonanniyar fata. Sannan aka jera kowa, manya da yara, mai lamba ya bi su yana tsagawa. Ni na riƙe Lawan, don uwarsa ba ta iya tsayuwa.

Bukkokin nan na bayan ganuwa ba zan yabe su ba. Zana ce da ciyawa, da wani tsoho mai zanzana da ke ba da ruwa, sai malamin asibiti da ke zagayowa. Ba a barin kowa ya shiga sai mai tabon lamba ko wanda ya taɓa yin ciwon. Gwaggo ta cancanta, amma tun ranar ta kwanta, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Saboda haka ni ke zuwa. In na tashi daga makaranta sai in karɓi kunun da mahaifiyarku ta dama, in fita ta Ƙofar Na'isa, in ba shi a baki da ludayi. Yana sha, amma ba ya yi mini magana. Haka muka yi ta yi, ni ina ba shi, shi yana haɗiya, ƙudaje suna bin mu. Ran nan da la'asar, ƙurajen sun haɗe sun zama ɗaya, murya ta kusa ƙarewa, sai na ji ya yi magana.

"An yi wa Lawan?"

"An yi masa."

"Ta kama?"

"Ta kama. Ta yi ƙurji, ta fara bushewa."

"Ya yi kuka?"

"Ya yi, har da shure-shure."

Ya ce, "Rago. Kai ya biyo, bawana."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban tambaye shi ba, kuma ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba. Washegari da na zo da kunu na tarar ya cika. Ni na yi masa wanka da hannuna, tsohon nan yana zuba mini ruwa. Rawanina na aure, fari, shi na yi masa likkafani da shi. Mu biyu da wasu masu jinya muka yi masa salla, ni na ja. Na san kabarin, na kuma kai babbanku ya gani. Wanda ya ce an binne Hamisu ba wanka ba salla, ƙarya yake yi, ko wane ne.

Ban sani ba ko da an bar shi a ɗakin fatu zai rayu. Akwai waɗanda aka ɓoye a gida suka tashi, akwai gidajen da aka ɓoye aka yi ta fitar da makara, yawanci ƙanana. A gidanmu matar Hamisu ta kamu, amma sama-sama, ta warke. Yaro ko ɗaya bai kwanta ba. Wannan shi ne abin da na sani. Abin da ban sani ba na bar wa Allah.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a zaure ba a kira ni ba. Da rana akushina bai fito tare da na sauran maza ba, a gefe aka ajiye shi. Da yamma Yaya Garba ya same ni a ƙofar ɗakina, yana kallon ƙasa.

"Gida ya ce ka nemi wuri."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Ka san ba a tambayar wannan."

Na tambaya duk da haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, bisa girma. Baffa ya ce shi baki ne kawai, abin da aka haɗu a kai yake faɗa. Ƙanensa ya ce shi wallahi da ta shi ce da na zauna, har ya riƙe hannuna ya ce jikokinsa suna raye saboda ni, amma kada in ce ya faɗa. Yaya Garba ya ce shi ɗan aike ne. Matarsa ta aiko wa mahaifiyarku da daddawa da kuka a ɓoye, da saƙon Allah ya saka. Na ƙare zagayen ban sami mutum ɗaya da ya kore ni ba, kuma korarre nake. Da mutum ne ya kore ni, da na durƙusa a gabansa, ko na ɗauko dattijan unguwa su ba shi baki. Amma gida ba shi da ƙafar da za a kama. Gwaggo kaɗai ban tambaya ba. Na je bakin ƙofarta na yi sallama, ta ji ni, ba ta amsa ba. Ita tana da hakki, kuma a duk gidan ita kaɗai ce ta ƙi ni da fuskarta. Har ta rasu ina girmama ta a kan haka fiye da sauran.

Malam Haruna ya samo mana ɗaki biyu a Ƙofar Na'isa, inda aka haifi sauranku. Na ci jarrabawar a shekarar, na kuma koyar da darasin nan na taron mutane ga aji bayan aji har na yi ritaya. Yara suna ganin darasi ne mai sauƙi. Ni ban taɓa rubuta jimlolin nan biyu a allo ba tare da na ji warin fata tana ƙonewa ba. Da Baffa ya rasu na je jana'iza, na tsaya a sahun baya, aka gaisa da ni kamar baƙo. Ba wanda ya janye maganar, domin ba wanda ya yi ta.

Saboda haka ga abin da nake so. In na mutu kuka zauna kan wata magana, ku yi shawara, ku haɗa kai, wannan alheri ne. Amma wanda ya yanke ya ce ni na yanke, wanda ya ƙi ya ce ni na ƙi, don wanda abin ya faɗa kansa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Alhaji Lawan kuma ku ci gaba da gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba. An gaya masa ni na kashe ubansa tun bai san hannun damansa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in je in yi musu da maraya ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Ba ya duban inda nake. Ni kuwa nakan zauna nesa kaɗan lokacin da yake alwala, in jira ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Tabon yana nan a dantsensa, ya kai girman kwabo. Ni na riƙe hannun da aka yi shi.